3.2 Samar da Iskar Gas Daga Kashin Shanu

Kamar yadda aka ambata a sashen da ya gabata, duk wani abu mai ruɓewa, kamar kashin dabbobi da ragowar abinci da ɗanyen ganye, yana fitar da iska mai kama wuta idan ya ruɓe a inda iskar shaƙa ba ta shiga. Masanin nan na ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya lura da haka tun 1776 a cikin dausayi. Ƙasashen Indiya da Sin kuwa su ne suka mayar da abin aikin gida, inda aka gina miliyoyin tankuna a ƙauyuka. A nan Nijeriya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana cikin waɗanda suka yi gwaji a wannan fage.

Yadda aikin yake shi ne, ana kwaɓa ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai wa daida, wato bokiti ɗaya na kashi da bokiti ɗaya na ruwa, sannan a zuba cikin tankin da aka gina a ƙarƙashin ƙasa aka rufe shi ruf. A cikin tankin, wasu ƙwayoyin bakteriya su ne ke narkar da kwaɓin su mayar da shi tsami, sannan wasu kuma su ci wannan tsami su fitar da iskar metan. Waɗannan na biyu ba su da juriya ko kaɗan. Idan tsami ya yi yawa, ko aka zuba ruwan sabulu mai yawa ko maganin kashe ƙwari, sai su daina aiki, tanki kuma ya mutu. Iskar da ke taruwa a sama tana ƙunshe da metan kimanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, saura kuwa mafi yawansa iskar kabon ce wadda ba ta kama wuta. Daga nan ake jan ta da bututu zuwa risho ko fitila. Kwaɓin yakan ɗauki kwana 30 zuwa 50 a cikin tanki kafin ya fita ta ɗaya ɓangaren.

Zafi bai zama matsala ba a ƙasar Hausa, domin ƙwayoyin sun fi aiki a wajen digiri 35, sai dai lokacin hunturu iskar takan ragu. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen samun kashin da kuma ruwan. Kilo ɗaya na ɗanyen kashi yana ba da kimanin lita 40 na iska, saniya ɗaya kuma takan yi wajen kilo 10 a yini. Ke nan gidan da ke buƙatar lita 2,000 domin girkin yini sai ya tanadi kilo 50 na kashi, wato na shanu biyar, da kuma lita 50 na ruwa, kullum ba fashi. To amma mafi yawan shanun wannan yanki na kiwo ne, a daji suke wuni, kuma a can suke zubar da rabin kashinsu. Wanda ya bushe ya zama kandilo kuwa ba shi da wani amfani sosai a tanki. Bugu da ƙari, a ƙauyen da ake bin layi a rijiya da rani, ba ƙaramin abu ba ne a ce wa magidanci ya zuba jarka biyu da rabi na ruwa a cikin kashi.

Akwai kuma batun taki. Manomin da ke gayyatar Fulani su sauka a gonarsa bayan girbi ya san darajar kashin shanu, kuma ba zai yarda ya rabu da shi domin girki ba. A nan ya kamata a fahimci cewa tanki ba ya cinye taki. Abin da ke fita a matsayin iska mafi yawansa sinadarin kabon ne, amma sinadaran da shuka ke buƙata suna nan a cikin ragowar kwaɓin, har ma warinsa ya ragu kuma yawancin irin ciyawar da ke ciki ya mutu. Wanda ya ƙona kandilo shi ne ya yi asarar taki.

Bisa waɗannan dalilai, wuraren da suka fi dacewa da wannan fasaha su ne mayanka da kara da gidajen masu turken shanu, maimakon kowane gida. A mayanka musamman, kashi da abin da ke cikin tumbi suna taruwa wuri ɗaya kowace safiya, ga ruwan wanki a kusa, kuma a halin yanzu yawancinsu kwata suke bi su gurɓata unguwa. Iskar da aka samu za ta iya maye gurbin itace da tsofaffin tayoyin mota da wasu mahauta ke babbake kai da ƙafa da su.