Shagon Aku Mai Magana: Tsohon Fim Ɗin Amurka Kan Kisa Da Damfarar Ciniki

A shekarar 1925 ne kamfanin MGM na ƙasar Amurka ya fitar da fim ɗin The Unholy Three, wanda Tod Browning ya ba da umarni, Lon Chaney kuma ya fito a matsayin babban ɗan wasa. A wancan zamani ba a jin magana a fim, sai dai ɗan kallo ya karanta rubutu a allo.

Labarin ya fara ne a rumfar masu wasan ban mamaki, irin wadda ake kafawa a filin biki ana biyan kuɗi a shiga kallo. A nan ne wasu mutum uku ke neman abinci: Echo, wanda ya iya magana ba tare da motsa leɓe ba har a zaci wani abu ne ke maganar, da wani ƙato mai suna Hercules, da kuma wani wada.

Da suka bar wasan sai suka buɗe shagon sayar da tsuntsaye. Echo ya yi shigar tsohuwa, wadan ya koma jariri. A cikin shago kowane aku na magana raɗau, saboda Echo ne ke yi masa, amma da mai saye ya kai shi gida sai ya yi gum. Idan ya kawo ƙorafi, sai tsohuwa ta tura keken jaririnta zuwa gidan da sunan duba tsuntsu, alhali dukiyar gidan suke leƙe.

A jajiberin Kirsimeti ƙaton da wadan suka fasa gidan wani attajiri, suka kashe shi, suka kwashe sarƙar yakutu, daga bisani aka ɗora laifin a kan Hector, yaron shagon da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai da Echo ya fasa ƙwai a gaban kotu sannan ya kuɓuta.

An sake shirya fim ɗin da sauti a 1930, kuma shi kaɗai ne aka ji muryar Chaney a ciki, domin ya rasu a watan Agusta na shekarar.

Ga 'yan kasuwa, abin lura biyu ne: kayan da ke burgewa a hannun mai sayarwa kaɗai, a gwada shi da kyau kafin a biya, yaron shago kuma ya san irin harkar da maigidansa ke yi kafin ya karɓi makulli.