Sankarar Ƙwan Mace: A Tsaga Ciki Ko a Huda Shi?

Idan aka gano sankarar ƙwan mace tun ba ta fita daga jakar ƙwai ba, kusan mata tara cikin goma sukan wuce shekara biyar da rai. Sai dai likita ba ya tabbatar da matakin ciwon sai ya shiga ciki ya gani. Shi ya sa tiyatar farko take da aiki biyu: cire ƙarin, da bin sawunsa ko ya yaɗu. Akan cire mahaifa da jakunkunan ƙwai, da tantanin kitsen da ya lulluɓe hanji, da kaluluwar ƙugu da ta gefen babbar jijiyar jini, a kuma wanko ruwan ciki a kai gwaji. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1983 ya tarar da cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da aka zaci ciwonsu bai yi nisa ba, ashe ya riga ya bazu.

Tsohuwar hanya ita ce tsaga ciki daga mara har sama da cibiya. A sabuwar kuwa, wato laparoskopi, huji uku ko huɗu ake yi, kowane kamar santimita ɗaya, a hura iska, a zura kyamara da siraran kayan aiki. Jini ba ya zuba sosai, zafin ciwo da sauƙi, mace kan koma gida da wuri.

Abin tsoron shi ne fashewar ƙarin a lokacin aiki. In ya fashe, ƙa'idar ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta 2014 tana ɗaga matakin ciwon, wata ma sai an bi ta da allurar kemo. Don haka ake saka ƙarin cikin jaka ta musamman kafin a fito da shi. In ya yi girma ko ya manne, tsagawa ta fi aminci.

Wace hanya ta fi tsawaita rai? Nazarin Cochrane na 2016 bai sami gwajin kwatance ko ɗaya mai ƙarfin raba gardama ba. A sankarar bakin mahaifa kuwa, gwajin LACC na 2018 ya nuna ciwon ya fi dawowa bayan tiyatar huji, abin da ya sa likitoci ƙara hattara.

Saboda haka, 'yar uwa, kafin ki tambayi girman tabo, tambayi wanda zai yi aikin: shin ƙwararre ne a sankarar mata, kuma zai iya fito da ƙarin cif ba tare da ya fashe ba?