Sharuɗɗan daidaita manufofi a cikin yarjejeniya: misalin yarjejeniyar Maiduguri ta 1990

1. Gabatarwa

Yarjejeniya iri biyu ce. Akwai wadda ake ƙullawa a kan abu guda, a bayar a karɓa a rabu, kamar cinikin gona. Akwai kuma wadda ke ɗaure ɓangarori biyu shekara da shekaru a kan abin da dukansu ke amfani da shi, alhali kowa yana riƙe da ikonsa. A irin ta biyun ne ake sa sharuɗɗan daidaita manufofi (clauses de coordination). A wannan maƙala za mu bayyana matakan waɗannan sharuɗɗa, da nauyin da kowane mataki ke ɗorawa, da inda suke da rauni. Misalinmu shi ne yarjejeniyar rabon ruwa da Nijar da Najeriya suka sa wa hannu a Maiduguri ranar 18 ga Yuli 1990.

2. Dalilin sharaɗin

Masu rubuta yarjejeniya ba su san yawan ruwan da zai sauka bayan shekara ashirin ba, ba su kuma san madatsar da wata gwamnati za ta so ginawa ba. In suka tsaida adadi tun ranar sa hannu, fari ɗaya ya isa ya rushe lissafin. Saboda haka sai su bar adadi, su rubuta hanyar da za a riƙa bi a yanke shawara duk lokacin da bukata ta taso. Mutanen karkara sun san irin wannan tsari. Ranar sakin gonaki ga makiyaya ba a tsaida ta sau ɗaya har abada. Kowace shekara hukuma ke sa ta bayan an zauna da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya. Abin da aka amince da shi tun farko shi ne zaman, da wanda zai halarta, da wanda ke da maganar ƙarshe.

3. Filin yarjejeniyar

Yarjejeniyar Maiduguri ta shafi ƙoramu huɗu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙarshen Komadugu Yobe. Ta haɗa da ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke taimaka wa kwararar waɗannan ƙoramu. An yi mata gyara a Sakkwato a 1998.

Abin lura shi ne babu ƙasar da ke sama a ko'ina. Magiya daga ƙasar Adar take tasowa, ta bi madatsun Mozage da Zango masu shayar da fadamar Ƙonni, sannan ta shiga Najeriya wajen tafkin Kalmalo: a nan Nijar ce a sama. Gulbin Maraɗi kuwa daga jihar Katsina yake fitowa, ya ratsa madatsar Jibiya, ya shigo ta Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya. Komadugu Yobe, wadda masu noman tattasai na Diffa suka dogara da ita, tana karɓar ruwa daga kogin Haɗeja, wanda madatsun Tiga (1974) da Chalawa (1992) ke tare kansa. Duk wanda ya tare wa maƙwabcinsa ruwa a wannan ƙorama, ana iya tare masa a waccan. Wannan ne ya sa daidaitawa ta zama riba ga kowa.

4. Matakai huɗu

Mataki na farko shi ne musayar bayanai. Ƙasashen biyu sun ɗauki alkawarin tattara awon ruwa da miƙa wa juna ta hannun Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, mai mazauni a Yamai. Wannan mataki shi ne mafi sauƙi, amma duk sauran a kansa suke: in babu awon da ɓangarorin suka yarda da shi, kowa da lissafinsa zai zo taro.

Na biyu shi ne sanarwa kafin aiki (notification préalable). Ƙasar da ke shirin wani aiki da zai taɓa ruwan tarayya sai ta sanar da ɗayar tun ba a fara ba. Sharaɗi mai kyau yana faɗin wa'adi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 a kan koguna na tarayya, wadda Najeriya ta shiga a 2010, Nijar a 2013, ta ba wanda aka sanar wata 6 ya yi nazari ya ba da amsa, kuma a cikin wannan lokaci ba a aiwatar da aikin sai da yardarsa.

Na uku shi ne tuntuɓa (consultation). A nan ɗalibai suka fi ruɗewa, suna ɗaukar tuntuɓa daidai da neman izini. A shari'ar tafkin Lanoux ta 1957 tsakanin Faransa da Spaniya, masu sasantawa sun yanke cewa dole ne Faransa ta saurari maƙwabciyarta da zuciya ɗaya, ta kuma yi la'akari da bukatunta, amma ba dole ba ne ta jira amincewarta. Watau wajabcin na ƙoƙari ne (obligation de moyens), sakamako bai hau kan kowa ba.

Na huɗu shi ne yanke shawara tare. Yarjejeniyar Maiduguri ta ce kowace ƙasa tana da haƙƙin rabo na adalci, ta jera abubuwan da za a duba, irin su yanayin damina, amfanin da ake riga ana yi da ruwan, da dogaron mazauna wurin a kansa. Ta kuma kafa kwamitin ƙwararru na dindindin domin ya shirya shawarwari ga Hukumar. Wannan shi ne mataki mafi nauyi, domin a nan kowace ƙasa ke sakin wani abu daga cikin ikonta.

5. Inda rauni yake

Rauni na farko: me zai faru in an keta sharaɗin hanya? A 2010 Kotun Duniya ta yanke hukunci tsakanin Ajantina da Yurugwai a kan masana'antar ɓawon takarda da aka gina a bakin kogin da ya raba su. Kotun ta tabbatar Yurugwai ta saɓa wa wajabcin sanarwa na yarjejeniyarsu ta 1975, amma ba ta ba da umurnin rushe masana'antar ba, don ba a tabbatar da ɓarnar ruwan ba. Darasin shi ne sharaɗin sanarwa yana da amfani ne kafin gini. Bayan gini, abin da ya rage sai hukunci a takarda.

Rauni na biyu yana cikin hanyar warware saɓani. Yarjejeniyar Maiduguri ta tanadi cewa rikicin da ya gagari Hukumar a kai shi gaban hukumar sasantawa ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Ita kuwa wannan hukuma ba ta taɓa sauraron ƙara ko ɗaya ba, ƙungiyar kanta kuma Tarayyar Afirka ta maye gurbinta a 2002. Sharaɗin da ya ambaci wata hukuma ya kamata ya faɗi wadda za ta gaje ta.

Rauni na uku na siyasa ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma katse wutar lantarkin da take ba Nijar, bisa takunkumin CEDEAO, har zuwa farkon 2024. A Janairu 2025 ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata. Ruwan gulbi bai san da wannan ba. Idan zaman ƙwararru ya dogara da jituwar shugabanni, zai tsaya daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

6. Kammalawa

Wanda aka ba aikin rubuta ko nazarin irin wannan sharaɗi, ko tsakanin ƙasashe ko tsakanin ƙaramar hukuma da ƙungiyar manoma, sai ya nemi amsar tambayoyi shida a cikin nassin: wane aiki ne ke wajabta sanarwa, wa ake sanarwa, cikin kwana nawa, ko aikin yana tsayawa kafin amsa ta zo, wa ke biyan kuɗin awo da na taro, wa kuma ke yanke hukunci in an kasa jituwa. In aka rasa amsar ko da ɗaya, sharaɗin ya koma fatan alheri. Wanda zai ɗauki asarar kuwa shi ne mai noman rani a Madarumfa ko a Kalmalo, wanda ya riga ya shuka kafin ya ji labarin an rufe ƙofar madatsa.