Ko Kun Sani?

Yawan gumi ba ya nuna yawan kuzarin da jiki ya ƙona, ruwa ne kawai ya fita. Nauyin mutum, tsananin aikin da daɗewarsa su ne ma'auni. Manomi mai nauyin kilo 60 da ya yi awa guda yana noma da fartanya a Rogo, ko a bakin Dam ɗin Challawa da ke Karaye, yakan ƙona kalori kusan 300. Mai kilo 80 kuwa, wajen 400.

Agogon hannu mai ƙirga kalori fa? A 2017 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada iri bakwai. Bugun zuciya dai yawancin agogunan sun auna shi da kyau, amma a lissafin kalori, wanda ya fi ƙoƙari ma ya kauce da kashi 27 cikin ɗari.