FITILAR INJIN TA KAMA: ME LAMBAR KE NUFI?

A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, idan mota ta ƙi tashi makaniki yakan buɗe dilko da kafireta, ya gane ciwon da ido da kunne. Motocin da ke yawo yau a unguwar Barade da sauran unguwannin Jalingo ba haka suke ba. Kwamfuta ce ke ba fulogi wuta, kuma ita ce ke fara faɗin abin da ya lalace. Wanda bai fahimci maganarta ba, sai ya yi ta sayen kayan da motarsa ba ta bukata.

INA LAMBAR TAKE?

Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera ƙananan motoci su sa wani tsari da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motoci masu shan fetur. Da yake yawancin motocinmu na hannu daga can suke zuwa, mun gaji tsarin. A ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket mai ƙofa 16. Nan ake jona na'urar karatu, sai ta nuna lamba mai harafi ɗaya da alƙalami huɗu.

Harafin P yana nufin injin da giya. Sifirin da ke biye yana nufin ma'anar lambar ɗaya ce ga kowace irin mota. Idan 1 ne, to, ma'anar ta kamfanin da ya ƙera ce, sai a duba littafinsa. Alƙalamin 3 kuwa shi ne sashen wuta. Ga waɗanda aka fi gani:

P0300: injin na tsallake wuta a silinda dabam-dabam.
P0301 zuwa P0304: tsallaken yana silinda ta 1 zuwa ta 4.
P0320: labarin saurin juyawar injin ba ya isowa daidai.
P0335: hanyar sansar karanshaf.
P0340: hanyar sansar kamshaf.
P0351 zuwa P0354: hanyar kwayil na 1 zuwa na 4.

A lura da kalmar "hanya". Lambar ba ta ce sansa ta mutu ba. Cewa ta yi saƙo bai iso ba. Tsakanin sansa da kwamfuta akwai waya, da soket, da fiyus, da wayar da ke kama jikin mota, kuma kowannensu yana iya tare saƙon.

YADDA WUTA KE ZUWA

A jikin karanshaf akwai faifai mai haƙora. Sansa tana ƙidaya haƙoran yayin da suke wucewa, ta haka kwamfuta ke sanin inda fistin yake da saurin da injin ke juyawa. Sa'an nan ta umarci kwayil ya saki wuta. A motocin Toyota, kwayil yakan mayar da amsa cewa ya cika umarni. Umarnin shi ne IGT, amsar kuwa IGF. Idan amsa ba ta dawo ba, kwamfuta sai ta rubuta lamba, ta kuma tsayar da mai, don kada ɗanyen fetur ya sauka cikin salansa ya ƙone tukunyar tace hayaƙi, wadda ke da tsadar gaske.

MATAKAN BINCIKE

1. A rubuta lambar a takarda kafin a goge ta. Gogewa ba gyara ba ce.

2. A auna batir. Cikakken batir yakan nuna wajen bolt 12.6 idan injin na kashe. Raunin batir da tsatsar kawunansa sukan jawo lambar ƙarya.

3. A duba fiyus, a bi wayoyi da ido da hannu. Zafin injin yakan busar da robar waya, ɓera yakan ci ta, ruwan damina da na masu wanke injin yakan shiga soket ya bar koren tsatsa.

4. Idan lambar P0335 ce, a murɗa makulli ana kallon na'urar karatu. Lafiyayyen injin yakan nuna juyi kusan 200 a minti yayin da kik ke jansa. Idan sifiri ya tsaya, labari ba ya zuwa. Sansa mai waya biyu ana auna ta da mita a kwatanta da abin da littafin motar ya faɗa. Mai waya uku sai an fara tabbatar da wuta na isa gare ta.

5. Idan lambar P0351 ce, a musanya kwayil na 1 da na 2, a goge lamba, a tayar da injin. In ta koma P0352, ciwon ya bi kwayil, shi za a canja. In ta tsaya a P0351, kwayil ba shi da laifi, a nemi ciwon a waya. In kuwa lambobin huɗu suka fito tare, da wuya kwayil huɗu su mutu rana ɗaya. A duba wayar da suka yi tarayya a kanta.

6. Kwamfutar mota ita ce ta ƙarshe da za a zarga, bayan an wanke sauran.

WANI MISALI

A ce direba ya ɗauki fasinja daga Jalingo zai nufi Wukari. Bayan injin ya yi zafi sai mota ta mutu. Ya jira rabin sa'a, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Da yawa za su ce famfon mai ne, su saya, gobe ta sake. Amma wannan hali sananne ne ga sansar karanshaf da ta fara gajiya: zafi ya raba siririyar wayar da ke cikinta, sanyi ya mayar. Awon da aka yi mata da sanyi zai nuna lafiya lau. Saboda haka a auna ta tana da zafi.

GARGAƊI GA JAMA'A

Idan fitilar ta kama ta tsaya, a kai mota gareji ba da jinkiri ba. Idan tana ƙiftawa, a rage gudu, a nemi wuri a tsaya. Motar da ke mutuwa ba zato takan bar direba da sitiyari mai tauri da birki mai nauyi, kuma wanda ya san hawan Mambila ya san wannan ba wasa ba ne. Kada a cire ƙwan fitilar ko a liƙe ta da baƙar roba. Mai sayen mota ta hannu ya murɗa makulli ya ga fitilar ta kama kafin injin ya tashi; in ba ta kama ba, an taɓa ta. Kada a taɓa kwayil injin na aiki, domin wutarsa ta kai dubban bolt.

Mai mota, ka nemi makaniki ya nuna maka lambar, ya kuma faɗa maka awon da ya yi kafin ka fitar da kuɗi. Makaniki, ka auna kafin ka canja. Ba a fafe gora ranar tafiya.