Tsaki, Gara da Sabo: Yadda Ɗan Tsako Ke Sanin Mai Shi

A Kademi da ƙauyukan Gaya da Ajingi, da wuya ka shiga gidan da babu kaji. Amma ka lura: a wani gidan, uwar gida na fitowa da ƙwarya za ka ga 'yan tsaki sun yanyame ƙafarta, a wani gidan kuwa sai yara sun yi tsere kafin a kama kaza ɗaya. Bambancin ya samo asali ne tun kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa.

Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai bayan kwana 21 da shirinsa na bin abin da ya fara gani yana motsi yana kira. Wani Bature ɗan Ingila, Douglas Spalding, ya rubuta wannan tun 1873, daga baya Konrad Lorenz ɗan Ostiriya ya zurfafa binciken a kan 'ya'yan dinya, har ya samu kyautar Nobel a 1973. Wannan ƙofa ba ta daɗewa a buɗe. Bayan 'yan kwanaki tsoro ke shiga, duk baƙon abu ya zama abin gudu. Shi ya sa wanda tsako ya saba da muryarsa da hannunsa a makon farko ya gama rabin aiki.

Sauran rabin kuma, koyi za ka yi da uwar kaza. In ta tono abinci, tana yin wani ɗan kira a jere, ta ɗauki ƙwayar ta saki, 'ya'yan su rugo. Kai ma haka: kira iri ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya kullum, sannan abincin ya biyo baya. Ka tsuguna ka miƙo hannu ta ƙasa. Abin da ya faɗo daga sama, a wajen tsako shirwa ce.

To me za a ba su? Nan ne ake yawan yin asara. Tsakin gero ko na dawa ko masara yana cika ciki, amma sinadarin furotin, mai gina jiki da gashi, bai wuce kashi 9 zuwa 12 cikin 100 ba a cikinsa, alhali tsako na buƙatar kusan kashi 20. In ya ƙoshi da tsaki ba zai fita neman ƙwari ba, ba kuma zai kula abincin kanti ba in shi ake ba shi. Sai ka ga girma ya tsaya, fukafukai sun zube. Saboda haka tsakin sabo ɗan kaɗan ne, wanda za su cinye nan take.

Gara ta fi. A Burkina Faso da arewacin Gana masu kiwo na cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, su yayyafa ruwa, su kife ta a kan hanyar gara, da sassafe su kwashe wa tsaki da zabi. Duk kayan nan akwai su a bayan gida. Sai dai a tsame manyan masu cizo. Dafaffen ƙwai da aka marmasa shi ma yana yi. Kuma tunda kaza ba ta da haƙori, ƙundunta ne ke niƙa da taimakon yashi da ƙananan tsakuwa, don haka tsakon da ke kulle a akurki sai an zuba masa.

Abin da za a guje wa shi ne gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. Tana ɗauke da dafin afalatoksin, wanda aka gano bayan ya kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960, ta hanyar garin gyaɗa da aka zuba a abincinsu. Hatsin da ka ƙi ci saboda ya lalace, tsako ya fi ka rauni a kansa.

Wani zai ce ai sabo da kaza ba ya hana yanka, to wahalar ta mece ce? Amfanin a aljihu yake. Lokacin hunturu cutar Niyukasil kan share kajin unguwa guda cikin 'yan kwanaki. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafin I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ana kuma ɗiga shi a ido, kaza bayan kaza. Kajin da ke amsa kira za ka gama da su kafin shayi ya huce, ka kuma gane wadda ta ƙi tasowa tun cutar ba ta bazu ba. Masu kwana a kan bishiya kuwa, sai dai a bi su da tocila cikin dare.