Yaran Zamfara da Gubar Dalma

A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa ƙananan yara na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma, kuma bincike ya nuna gubar dalma ce sanadi, ba zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau da aka fara zargi ba. Dalma wani ƙarfe ne mai nauyi da ke cakuɗe da zinari a duwatsun yankin, kuma da farashin zinari ya tashi, sai magidanta suka riƙa kwaso duwatsun zuwa gida, ana daka su a turmi ko a niƙa su da injin hatsi, har ƙurar ta mamaye tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu, galibinsu 'yan ƙasa da shekara 5, domin jikin yaro ya fi na babba saurin tsotse wannan guba.

Sai dai abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne halin waɗanda suka rayu. Maganin da ake bayarwa yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa, don haka wasu yaran suka makance ko suka shanye, wasu kuma, waɗanda su ne mafi yawa, suka tashi da raunin fahimta da ba a gani a fuska, wanda malami ko uba kan ɗauka daƙiƙanci ne. Maganin ma ba ya amfani muddin yaro zai koma cikin gurɓatacciyar ƙasa, shi ya sa jinkirin da gwamnatin tarayya ta yi wajen sakin kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa, har zuwa 2013 ya zama zalunci ga yaran garin.

Waɗannan yara sun girma ne daidai lokacin da yankin ke durƙushewa, 'yan bindiga suka hana noma da cin kasuwa, aka rufe makarantu a 2021 saboda sace ɗalibai, haramcin haƙar ma'adinai na 2019 kuwa bai samar wa kowa wata sana'ar ba. Yaron da ya fi kowa buƙatar malami mai haƙuri da asibiti na kusa, shi ne ya rasa duka biyun, kuma sau da yawa ramin zinarin ne ya rage masa hanyar neman abinci. Wajibi ne hukumomin Zamfara su bibiyi waɗannan matasa, su kuma tabbatar ba a sake niƙa dutsen zinari a cikin gidan da yara suke ba.